Ganyen Bayan Shago

4 ga Fabrairu

Kawuna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da 'yarka Yaya da yaranta. Ina labarin ƙafar nan da ke kumbura maka da yamma? Hawan jinin fa, ya sauka? Ni lafiyata ƙalau, in ban da mura da ta riƙe ni mako guda, ita ma ta sake ni.

Tunda ka ce in daina kiranka a waya, wai kunnenka ya yi nauyi kuma rabin maganata a hanya take zubewa, ga ni na ɗauki biro.

Kawu, albishirinka. Ka san bishiyar nan ta bayan shagonka, wadda ganyenta ke toshe maka indararo kake ta rantsuwa sai ka sa an sare ta? To ka bar ta. Irinta muke aiki a kai a ɗakin gwaje-gwajenmu. Mun ciro wani sinadari daga ganyenta, kuma mun gano yana kare ƙwaƙwalwa daga shanyewar ɓarin jiki. Farfesanmu ya ce in abin ya tabbata, mutane da yawa za su amfana. Wata takwas ke nan ina kafe da ido a kan na'ura, yadda kake kafa naka a cikin agogo, har wuyana ya koyi irin sunkuyonka.

Na so kai ka fara ji, don kai ka riƙe ni tun rasuwar Inna, kai ka tsaya har na kawo nan. Ka gaida mutanen layinku, mai aski da tela da mai walda.

Taka,
Likita

21 ga Fabrairu

Likita,

Na amsa gaisuwa. Muna nan lafiya, yayarki da 'ya'yanta duk ƙalau. Ƙafa tana nan da halinta, ni ma ina nan da nawa.

Takardarki ta zo ranar Talata. Na karanta sau uku ni kaɗai, na huɗu na fita bakin shago na karanta wa layi. Mai aski ya tsaya da almakashi a hannu, ya bar bawan Allah da rabin kai yana ta muzurai. Tela ya ce shi ba a ba shi labari ba, tun ranar da kika ɗaure wa kyanwarsa ƙafa da ƙyalle kina shekara shida ya sa miki Likita, don haka a rubuta sunansa a cikin aikin. Mai walda kuma ya je ya shafa bishiyar ya nemi gafararta, don shi ya yi alkawarin kawo zarto.

Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba. Shekara arba'in ina gyara agogon mutane ba wanda ya taɓa tashi ya ba ni kujera, ranar sai da aka ba ni biyu.

Kin tambayi hawan jini. Ƙwayoyin nan uku sun ishe ni. Farar tana sa ni fitsari, ina tsaka da kama kusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba sai in ajiye in zaga baya. Ƙaramar kuma jiri take kawo mini in na miƙe. Ashe magani na bayan shagona ina zaginsa.

Ki gaya mini, wanne ya fi ƙarfi, sabon toho ko tsohon ganye? Tambayar jahili ce, kada ki yi mini dariya.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

9 ga Afrilu

Kawuna,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ka yafe mini jinkiri, aiki ne ya sha mini kai, muna shirin kai rahoto wajen taro. Labarin mai aski ya sa ni dariya har abokan aikina suka juyo suna kallona. Ka ce wa tela za a duba maganar sunansa.

Sabon toho ya fi, sinadarin ya fi yawa a cikinsa. Doguwar wasiƙa na nan tafe da zarar na samu kaina.

Taka,
Likita

16 ga Yuli

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Yara lafiya. Baba yana gida, an sallamo mu ranar Alhamis bayan kwana goma sha ɗaya.

Ranar da abin ya faru na kira ki na ce ya faɗi, yana asibiti. Tun daga nan kin kira ni ya fi sau ashirin ban ɗauka ba. Ina gani. Abin da zan faɗa miki ne ba na waya ba, don in na buɗe baki ban san inda zan tsaya ba.

Da hantsi ne. Yana zaune a gaban tebur da gilashin nan a idonsa, wata mata tana jiran agogonta. Ta ce sai ta ga ɗan hantsakin ya suɓuce daga hannunsa. Ya kai hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya ɗago zai yi mata magana, bakinsa ya karkace, sai wani gurnani. Ta yi zaton wasa yake, kin san halinsa. Sai da ya zame daga kujera ta kira mai walda. Kafin a samu mota, a kai shi ƙaramin asibiti, su ce ba nasu ba ne, a wuce babba, awa biyar ta tafi. Likitan ya ce gudan jini ne ya toshe jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma lokacin allurar da ke narkar da shi ya riga ya wuce.

Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Yana gane mu, yana jin abin da ake faɗa, amma magana ba ta fita. Kalma biyu yake da su, "to" da "a'a", kuma wani lokaci yakan sa ɗaya a wurin ɗaya.

Likita ya tambaye ni wane magani yake sha, na lissafa masa. Ya ce da wuya mai shan waɗannan jininsa ya kai inda na Baba ya kai. Na je shago in rufe. A aljihun tebur na ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin maɗauran agogo, na tarar da ƙwayoyinsa na wata huɗu, ko kwali ɗaya ba a buɗe ba. A kan tebur akwai filas cike da dafaffen ganye. Takardunki biyu suna cikin littafinsa. A ta farko ya ja layi da jan biro ƙarƙashin inda kika ce yana kare ƙwaƙwalwa. A ta biyu ya zagaye "sabon toho".

Ban ce kin yi da gangan ba. Amma ke kika yi karatun, mu ba mu yi ba.

Kin ce a saƙo za ki nemi izini ki zo. Ki dakata. Sau uku ina ambatonki a gabansa, duk ukun ya juya fuskarsa bango.

Yayarki

30 ga Yuli

Yaya,

Na gaishe ki, na gaida Kawu in zai amsa. Ya jikinsa? Yana iya haɗiye abinci ba ya ƙwarewa? Ana juya shi a gado? Ki riƙa duba bayansa da dugadugansa, kada su yi gyambo.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofar ɗakin gwaji, da farar riga a jikina. Na cire rigar na zauna a matattakala, ban iya komawa ciki ba ranar.

Ba zan kare kaina ba. Zan dai gaya miki gaskiyar aikin, wadda ya kamata in rubuta tun farko.

Ba a kan mutane muke gwaji ba, a kan ɓeraye ne. Ana sa wa ɓera barci, a toshe masa jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa na awa ɗaya, a buɗe. Wurin da jini ya yanke gaba ɗaya yakan mutu, ba abin da ke dawo da shi. Amma gefen wurin akwai naman da bai mutu ba, ya dai galabaita. In jini ya dawo, sai kumburi ya taso, wasu abubuwa masu illa su taru, su ƙarasa wannan gefen a cikin kwana biyu ko uku. Sinadarinmu a nan yake aiki. In aka yi wa ɓera allurarsa bayan abin ya faru, kumburin yakan ragu, ɓarnar ba ta kai ta ɓeran da ba a yi wa ba. Iyakar abin da muka gani ke nan, a ɓera arba'in.

Ba ya sauke hawan jini. Ba ya hana jijiya toshewa. Buhu guda na ganye ake tacewa kwana da kwanaki kafin a samu garin da bai cika ƙaramin cokali ba, kuma ta jijiya ake ba da shi. Ba wanda ya san ko dafaffen ganye yana kai komai ƙwaƙwalwa. Ko allurar ma, da sauran shekaru kafin a yarda a gwada ta a jikin mutum, kuma irin waɗannan da yawa sukan yi aiki a ɓera su ƙi yi a mutum.

Na rubuta "daga shanyewar ɓarin jiki", alhali "bayan" ya kamata in rubuta. Na san bambancin. Na zaɓi wadda ta fi daɗin ji.

Kuma "mun gano" da na ce, cika baki ne. Farfesa da wasu mutum biyu suka gano, shekara uku kafin in zo. Ni aikina in ba ɓeraye abinci, in auna su, in yanka ƙwaƙwalwa sala-sala in rina, in ƙirga. Na so Kawu ya samu abin faɗa a layi.

Wanda ya fi hana ni sakewa shi ne wasiƙarsa. Na ciro ta na sake karantawa. Komai na ciki, Yaya. Ya ce ƙwayoyi sun ishe shi, ya ce magani na bayan shagonsa, ya tambayi wane ganye. Ko ɗan shekarar farko a makarantarmu zai gane inda maganar ta dosa. Ni dariyar mai aski na gani. Na bar takardar mako shida, na amsa a layi uku, na yi alkawarin doguwa ban rubuta ba.

Ki gaya wa likitansa yawan ganyen da yake sha da tsawon lokacin, a duba hantarsa da ƙodarsa. Kada ya ƙara sha.

Ba zan zo ba tunda ba ya son gani na. Yana da gaskiya. In akwai abin da zan iya daga nan, ki faɗa.

Ƙanwarki

11 ga Satumba

Ƙanwata,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da shirun. Jikin Baba da sauƙi. Yana zama a kujera, yana cin abinci da hagu, rabi a baki rabi a riga. An duba hanta da ƙoda, lafiya lau. Ƙafar ta fara ɗan ja. Hannun dai shiru. Akwai wata ma'aikaciyar asibiti da ke zuwa Litinin da Laraba tana koya masa magana, yanzu yana da kalmomi kamar talatin.

Wasiƙarki tana jakata mako biyar. Kullum in na ɗauko zan amsa sai in mayar, don kin faɗi naki ni ban faɗi nawa ba.

Filas ɗin da na ce na tarar a kan tebur, filas ɗina ne. Ni nake dafa masa ganyen. Kowace safiya kafin in wuce makarantar da nake koyarwa, in tace, in zuba, in ajiye masa a shago. Ni ce kuma mai karɓo masa ƙwayoyi duk wata in miƙa masa. Ko sau ɗaya ban ce ya sha a gabana ba. A watan Mayu na lura ya daina yawan zagawa baya, har na ce masa ganyen Likita ya karɓe ka. Ya yi dariya. Zuciyata ta ɗarsa wani abu, na danne, don ina sauri. Da likita ya tambaye ni ko yana shan wani abu na daban, cewa na yi ban sani ba. Sai na dawo gida na zauna na rubuta miki waccan takarda, na ɗora miki duka.

Maganar juya fuska kuma, ni na karanta ta ba daidai ba, na sa ke ma kika karanta haka. Ranar Laraba ma'aikaciyar ta ɗauko hotunan gida tana nuna masa yana faɗin ko wane ne. Da ta zo kan naki ya juya bango. Ta ce, "Baba, fushi kake da ita?" Ya ce a'a. Ta sake tambaya, don ta san a'arsa ba ta da tabbas. Ya buga hannun kujera ya ce a'a. Ya nuna ƙirjinsa, ya yi ta kokawa da bakinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, can ya ce, "Ni. Ɓata." Ta ce, "Kai ka ɓata?" Ya ce to. Ta ce, "Me ka ɓata?" Ya nuna hotonki ya ce, "Aiki." Sai hawaye. Na fita tsakar gida na bar su.

Yana ganin ya zubar miki da mutunci ne, za a ce maganinki ya kayar da kawunki. Kunyarki yake ji.

Yanzu ga abin da ya sa dole na rubuta. Jiya na je shago ina mayar wa mutane agogunansu, sai na ga rassan ƙasa na bishiyar duk an tsige su tas. Tela yana sha, mai walda yana sha, har daga wasu layuka ake zuwa. Mai aski ya ce mini shi ma ya ajiye ƙwayoyinsa tun Afrilu. Na ce ba ka ga Baba ba? Ya ce ai likitoci ma sun ce da wani ne da ya mutu, ganyen ne ya tare. Na yi magana har muryata ta dushe. Ya ce, "Malama, ke lissafi kike koyarwa. Likita ce ta rubuto."

Ba za su ji daga bakina ba. Daga naki suka ɗauka.

Yayarki

22 ga Satumba

Yaya,

Na gaishe ku duka. Na ji daɗin labarin ƙafar. Abin da kika faɗa a kan filas, ba ni da bakin cewa komai. Kin dafa ne don na ce yana da amfani.

Ga takarda a haɗe. Ki karanta musu a bakin shago, a daidai inda aka karanta ta farko, da rana lokacin da layi ya cika. Kada ki rage komai don ki rufa mini asiri. Kafin in rufe ta na kai wa Farfesa ya duba, wanda ya sa dole na ba shi labarin duka. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya gyara kalma ɗaya, ya ce in zauna in rubuta yadda abin ya faru, sababbin ɗalibai su riƙa karantawa.

Ga ta:

Iyayena na layi, ina gaishe ku. Ni ce wadda kuke kira Likita. Ni ba likita ba ce, ɗaliba ce, kuma ban taɓa duba marar lafiya ko ɗaya ba. Abin da na rubuto wa Kawu a watan Fabrairu ba daidai ba ne. Na ƙara gishiri don a yabe ni. Ganyen bayan shago ba ya maganin hawan jini kuma ba ya hana shanyewar jiki. Abin da ake cirowa daga cikinsa a ɓeraye kawai aka gwada, da allura, bayan ciwon ya riga ya same su. Ba ganye ne ya tare wa Kawu mutuwa ba. Barin ƙwayoyinsa ne ya kayar da shi, kuma maganata ce ta sa ya bari. Duk wanda ya ajiye maganinsa, don Allah ya je asibiti yau a auna shi. In maganin yana wahalar da kai, ka gaya wa likita, akwai wasu iri da za a canza maka. In kuka ga bakin wani ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta harɗe, kada a tsaya shafa masa ruwa, a wuce da shi babban asibiti nan take. Ku yafe mini.

Ƙanwarki

8 ga Oktoba

Ƙanwata,

Gaisuwa. Kowa lafiya. An karanta.

Na so in je ni kaɗai. Da na gaya wa Baba abin da zan yi, sai ya kama hannun keken da muke tura shi a kai ya ce, "Ni." Na ce rana ta yi zafi. Ya ce, "Ni." Na sa masa wankakkiyar riga na tura shi. Rabonsa da layin tun ranar da ya faɗi.

Mutane sun taru don ganinsa, sun fi talatin. Na tsaya kusa da shi na fara. Da na kai inda kika ce ke ba likita ba ce, wani daga baya ya yi dariya, tela ya juya ya kalle shi, ya haɗiye ta. Na karanta har ƙarshe. Ni ma na ƙara nawa, na ce ni nake dafawa, kuma na yi wa likita ƙarya.

Mai aski ya fara cewa ai duk da haka shi yana jin daɗin jikinsa. Sai Baba ya sa hannun hagu ya ɗago na dama, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, ya sake shi. Ya faɗo a cinyarsa kamar tsumma. Ya kalli mai aski ya ce, "Je."

Mai aski ya rufe shago ya je asibiti. Jininsa ya kai ɗari da casa'in, sai da suka kwantar da shi kwana biyu. Yanzu an canza masa magani, yana ta mita wai an raba shi da gishiri. Tela da mai walda ma sun auna. Ba zan ce kowa ya daina ba, har jiya na ga wata tsohuwa tana tsinka. Wasu kuma suna maganarki yadda ba za ki so ji ba. Ba zan ɓoye miki ba.

Shagon mun mayar wa mai shi. Likita ya ce hannun ba zai koma aikin agogo ba, Baba ya ji da kunnensa, ya ce to, kuma wannan karon to ɗin yake nufi.

Na karanta masa wasiƙarki ta Yuli, har inda kika ce ba za ki zo ba. Ya nemi biro. Kwana uku yana yi da hagu, ya yaga takarda ta fi goma, ya hana ni taimaka masa. Ga ta na naɗe a ciki. In ba ki iya karanta rubutun ba, abin da ya ce shi ne:

"'Yata. Ba fushi. Ki zo. Hannu ya tafi. Ni ina nan."

Ki faɗa mini ranar, in zo tasha in ɗauke ki.

Yayarki